Da wane ma'auni ake zaɓen waƙoƙin Mas, kuma maganar wa ce ta ƙarshe?

Rifkatu_Alto: Salama gare ku iyayena da yayyena na wannan zaure. An ɗora mini nauyin zaɓen waƙoƙin Mas ɗin Hausa a farish ɗinmu, ga shi Larabar Toka, ranar da muke fara Azumi kafin Ista, ta ƙarato, kowa kuma ya ja ni gefensa. Matasan kwaya suna so mu riƙa yin wani korus da ake yayi yanzu, wanda kowa ke da shi a waya, a madadin Zabura bayan karatu na farko, wai jama'a sun fi amsa shi. Iyayenmu mata na Zumunta sun ce ba za su ajiye tulu da ganga a Azumi ba, domin in ba kiɗa waƙar lanƙwashewa take yi. Wani dattijo kuma ya tare ni a bakin ƙofa ya ce mun watsar da Latin, Allah zai tambaye mu. Fada ya ce in kawo masa jerin ya duba. To da me ake auna waƙa? Daɗinta, ko abin da jama'a suka iya, ko akwai doka a rubuce? Kuma in an sami saɓani, wa ke yanke magana?

BabaKatikis: Amin salama, 'yata. Bari in ɗauki mai sauƙin tukuna. Zabura ba ta taɓuwa. Ba cike gurbi ba ce tsakanin karatu biyu, ita kanta Maganar Allah ce, daga littafin karatu take fitowa, kuma an zaɓe ta ne don ta amsa karatu na farko. Ƙa'idojin da ke farkon littafin Mas na Roma, lamba ta 57, sun hana a musanya karatu ko Zabura da wani rubutun da ba na Littafi Mai Tsarki ba. Haka waƙar Ɗaukaka ga Allah, lamba ta 53 ta ce ba a sauya kalmominta da wasu. Ki gaya wa yaran nan cikin lumana, su kai korus ɗinsu waƙar fita ko taron matasa na yamma.

MaiKibod: Baba Katikis, da girmamawa, amma ka taɓa duba fuskokin mutane lokacin Zabura? Mai rerawa ya hau ya ja baiti ya ja, amshin sabo ne kowane Lahadi, kafin mutane su kama shi an gama. Korus kuwa ko yaro na goye ya san shi. Ba ana so kowa ya sa baki ba ne?

BabaKatikis: Ana so, ɗana. Amma ciwon da ka faɗa na amshi ne, ba na Zabura ba. Ikilisiya ma ta san da shi, shi ya sa aka ware waɗansu Zabura na kowane lokaci da za a iya maimaita su makonni a jere don jama'a su riƙe. Na Azumi su ne 51 da 91 da 130. Ku ɗauki ta 51, wadda Dawuda ya roƙi jinƙai a cikinta, ita ce ma ta Larabar Toka. Ku sa wa amshinta kari gajere, mai ba da waƙa ya rera sau ɗaya kafin a fara Mas, jama'a su maimaita. Zuwa Lahadi na uku ba mai buƙatar takarda.

Ladi_Z: Gaskiyar Baba. Mu haka muka yi bara, har a bakin rijiya na ji mata suna rera amshin.

MamanZumunta: To na ji an ambace mu. Rifkatu 'yata, ban san matan farish ɗinku ba, amma na san abin da suke nufi. Mu da yawanmu ba mu karanta takarda, balle waɗancan alamomi masu kama da tururuwa da 'yan kwaya ke bi. Tulu shi ne ke riƙe mana waƙa. Mai tulu ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafunta, ta ɗauki soson nan da aka naɗe da tsumma ta riƙa rufe bakinsa tana buɗewa, dum, dum, ita kaɗai ta isa ta hana mata ɗari rarrabuwa. Ranar da aka ce mu rera babu komai, na gaba suka yi gaba, na baya suka ja jiki, muka ƙare baiti ɗaya sau biyu. Wannan ne tuba?

DalibinTauhidi: Mama, doka tana bayanki fiye da yadda kike zato. Lamba ta 313 ta ƙa'idojin nan na littafin Mas ba ta ce a kulle kayan kiɗa a Azumi ba. Cewa ta yi a yi amfani da su don tallafa wa waƙa kawai. Abin da aka hana shi ne kiɗa shi kaɗai, irin wanda mai kibod ke yi bayan an gama rerawa, ko ganga ta ci gaba da zuba ana jiran Fada ya wanke hannu. An kuma togace Lahadi na huɗu na Azumi da manyan idodi, kamar na Waliyi Yusufu ran 19 ga Maris da na albishir ga Maryamu ran 25. Saboda haka tulu ɗaya a hankali yana riƙe tafiyar waƙa, ni ban ga inda ya saɓa ba. Ganguna uku da kuge da caki da guɗa, wannan kam a ajiye wa daren Ista.

MamanZumunta: Allah ya yi maka albarka ɗana, ya kai ka ranar naɗi. Guɗa dai za mu riƙe ta a maƙogwaro har Ista.

TsohonMaiHidima: Ni ina tare da dattijon da ya tare Rifkatu. Mun yi hidimar bagade tun muna 'yan yara, mun haddace amsoshin Latin kafin mu iya Turanci. Yau ka shiga coci ba ka sani ba ko na Katolika ne sai ka hango gicciye da mutum-mutumin Uwarmu. Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na duniya, da kowa ke fakewa da ita ba ta kori Latin ba. Takardarta kan sujada, Sacrosanctum Concilium, wadda aka fitar ran 4 ga Disamba 1963, ta ce a lamba ta 116 waƙar Giregori, wato tsohon karin rera addu'o'in Latin, ita ce ta gidan sujadar Roma, a ba ta wuri na farko. Lamba ta 54 kuma ta ce a kula jama'a su iya rera sassan Mas da suka shafe su da Latin tare. Ina aka kai wannan?

DanShendam: Baba, ka karanta 116 ka tsaya. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa 119. A nan aka ce akwai al'ummai, musamman a ƙasashen mishan, da ke da kiɗansu na gado mai babban matsayi a rayuwarsu, a ba shi darajar da ta dace da wurin da ya dace a sujada. Takarda ɗaya ce ta faɗi duka biyun. Firistocin ƙungiyar mishan ta SMA sun iso Shendam a 1907, kakanninmu sun yi shekaru fiye da hamsin suna jin Mas da harshen da ba su sani ba, sun kuma riƙe bangaskiya, ban raina su ba. Amma kakata ba ta taɓa yi mini labarin Latin ba. Labarin ranar da aka fara barin ganga ta shiga coci take yi.

TsohonMaiHidima: Ban ce a kori ganga ba, ɗana. Na ce kada a kori Latin. Ranar da ka je Roma ko wani babban taro da aka haɗu daga ƙasashe, da wane harshe za ku yi Addu'ar Ubangiji tare? Sau ɗaya a wata ma ya isa. Mai Tsarki da Ɗan Rago na Allah gajeru ne, yaran katikisma za su ɗauke su a mako biyu.

Rifkatu_Alto: Baba, wannan zan iya. Amma ina tsoron a ce mun mai da Mas ɗin Hausa na 'yan boko.

Sista_Malama: Rifkatu, bari in sa baki, domin ina ganin duk muna gardama a kan reshe. Mun saba da cewa zaɓen waƙa shi ne a nemo huɗu: ta shiga, ta baiko, ta karɓar Jikin Kristi, ta fita. A 1967 an fitar da umarni kan kiɗan sujada mai suna Musicam Sacram, ya kasa abin da ake rerawa mataki uku. Mataki na farko, wanda ya fi kowanne, shi ne gaisuwar firist da amsar jama'a, addu'o'in da yake yi a madadinmu, gabatarwar addu'ar Yukaris (addu'ar tsarkake gurasa da ruwan inabi) da amsa-amsarta, Mai Tsarki, da Addu'ar Ubangiji. Na biyu shi ne Ya Ubangiji ka yi mana jinƙai, Ɗaukaka, Na ba da gaskiya, Ɗan Rago na Allah. Waƙar shiga da ta baiko da ta Tarayya, wato karɓar Jikin Kristi, suna mataki na uku ne. Ta fita kuwa ba ta ma cikin jerin. Mu kuma mun kifar da abin: kwaya ta kwana uku tana koyon waƙar baiko mai murya huɗu, ranar Lahadi Fada ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, a amsa masa da gunaguni kamar masu jin barci. Miya ta cika kwano, tuwon ba a tuƙa ba. In ni ce ke, Azumin nan zan rage sababbin waƙoƙi, in sa ƙarfina a kan amsoshin nan har cocin ya riƙa amsawa da murya ɗaya.

Yakubu_Bass: Sista ta gama magana. Sai dai fa mataki na farkon nan a hannun Fada yake. In shi bai rera ba, me za mu amsa?

MaiKibod: Wani Fadan kuma in ya ɗauko murya sai ka bi shi da kibod kana lalube, ya fara a nan ya sauka a can.

Ladi_Z: Kai ma MaiKibod ba ka tsira ba. Ku ne kuke danna maɓallin nan da ke sa kibod ya riƙa buga ganga da kansa, ku ƙure lasifika, ku ɗaga waƙa sama inda sai 'yan mata uku na gaba ke iya kaiwa. Akwai wata tsohuwa da ke zama kusa da ni, ta san kowace waƙar Hausa tun daga farko har ƙarshe. Da janareto ya ɗauka sai ta rufe baki ta naɗe hannu. Ran da man ya ƙare ana tsakar Ɗan Rago na Allah, muryarta ce ta ɗauki layinmu duka har aka gama. Ku sauke murya, ku rage ƙara, mu ma mu ji kanmu.

MaiKibod: Anti Ladi, na karɓa a kan ƙara. Amma ku ma ku riƙa zuwa koyon waƙa ranar Asabar.

Ladi_Z: Ni ba 'yar kwaya ba ce, jama'a ce. Aikinku ne ku ɗauke ni, ba ni zan bi ku ba.

FadaNaKauye: Salama gare ku duka. Ina bin zancen tun safe. Rifkatu, kan tambayarki ta biyu: lamba ta 111 ta ƙa'idojin da Baba Katikis ya ambata ta ce a shirya sujada da haɗin kan duk masu hannu a ciki, ƙarƙashin jagorancin firist mai kula da cocin, bayan an saurari jama'a kan abin da ya shafe su. Ke nan Fadanki ne ke yanke magana a farish, amma ba daga ɗakinsa shi kaɗai ba. Sama da shi akwai Bishop, wanda shi ne mai tsaron sujada a dayosis, kuma waƙoƙin da za su shiga Mas ya kamata a ce hukumar Ikilisiya ta amince da kalmominsu. Shawarata: kada ki fara daga waƙa, ki fara daga karatun ranar. Lahadi na farko na Azumi kullum jarrabar Yesu a jeji ce, na biyu kuma sāke kamanninsa a kan dutse. Ki karanta su tun Litinin, sannan ki tambayi kowace waƙa: me take yi a wannan wurin? Waƙar shiga rakiyar masu shigowa ce da haɗa kan jama'a, in firist ya iso kujerarsa aikinta ya ƙare, ba sai an cinye baiti bakwai ba. Ga Yakubu kuma, gaskiya ne, sai mun rera. Amma wanda zai yi Mas a wuri uku kafin azahar a kan babur, in baiko ya ci minti arba'in a na farko, 'yan na uku za su gaji su watse.

Yakubu_Bass: Ranka ya daɗe Fada, baikon da ke cin minti arba'in ai ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A yi na farko, a yi na gini, a yi na 'yan watan haihuwa, a yi na godiya iyali-iyali. Mu dai an ce kada mu yi shiru mutane na rawa zuwa gaba. Waƙoƙin kirki sun ƙare, dole a jawo korus.

DalibinTauhidi: Wannan na cikin abin da Majalisar Bishop-bishop ta Najeriya ta yi kuka a kai a wasiƙarta ta watan Agusta 2024 kan abubuwan da ake cusa wa sujada. Ta ambaci kiɗan da bai dace ba, ta kuma ambaci yawan karɓar kuɗi a tsakiyar Mas. Abin biyu tafiya ɗaya suke yi.

Hannatu_M: Ni a ECWA na tashi, aure ya kawo ni Katolika, kuma har gobe waƙoƙin littafinmu na can suna bakina. Abin da ke ba ni haushi shi ne in an ce waƙar 'yan Furotesta ce da wani irin yatsina. Da yawan waƙoƙin Hausa da kuke rerawa a Mas daga can aka aro su, wasu daga bakin 'yan Sabon Rai. A unguwarmu in an yi rasuwa, Zumuntar mata ta kowace ɗarika tabarma ɗaya suke zama, waƙa ɗaya suke yi. To me ya sa ranar Lahadi za ta zama haram?

Sista_Malama: Ba haram ba ce, Hannatu, kuma wanda ya yi miki yatsina bai kyauta ba. Ba asalin waƙa ake dubawa ba, abin da take faɗa ake dubawa. Lamba ta 121 ta Sacrosanctum Concilium da Baba Tsohon Mai Hidima ya ambata ta ce kalmomin su dace da koyarwar Katolika, a fi ɗebo su daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in sujada. Waƙar gicciye ko ta tuba da aka aro, marhaba. Inda ake taka-tsantsan shi ne lokacin Tarayya: in waƙa ta ce gurasar alama ce kawai ta tunawa, ta saɓa wa abin da mutum ke miƙa hannu yana karɓa a daidai lokacin. Ni ma abin da ya fi damuna ba tsofaffin waƙoƙin littafinku ba ne, waɗannan cike suke da Nassi. Sababbin nan ne na waya, daga farko har ƙarshe ni, ni, ni: maƙiyana za su faɗi, bana zan sayi mota. Mu kuwa a gaban bagade mu muke cewa.

Hannatu_M: Wannan na yarda. Can ma dattawa suna kuka da su.

Bagobiri_Maradi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan matsalarmu daban ce. Dayosis ɗin Maraɗi, da aka kafa a 2001, ya haɗa har Damagaram da Tawa da Agadas da Difa, mu kuma 'yan kaɗan ne a cikin Musulmi. Da yawan masu zuwa coci a birni 'yan Benin ne da Togo da Burkina, sai Mas ɗaya ya ɗauki Faransanci da Hausa da wani harshen na bakin teku. Abin da ya taimake mu a Zabura shi ne karin sufaye na Keur Moussa a Senegal. Sufayen sun fito ne daga Solesmes ta Faransa, gidan da ya shahara da waƙar Giregori, suka zo suka saurari kiɗan ƙasar, suka ɗauki kora, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, suka shigar da ita addu'a. In ka ji, natsuwar Giregori tana nan, amma kunnenka ya san na Afirka ne. Baba Tsohon Mai Hidima da Ɗan Shendam, ga inda maganarku ta haɗu. Ina mamakin me ya hana a yi irin haka da gurmi ko molo.

DanMalumfashi: Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu Hausawa ne gaba da baya, iyayenmu daga Maguzanci suka shigo. Na taɓa kawo shawarar a sa garaya a waƙar godiyar kaka, mahaifina ya ce in dai yana raye ba zai zauna a cocin da ake kaɗa garaya ba. Ya ce ni ina jin kiɗa ne, shi kuwa yana jin kiran iskoki, domin da ita ake hawan bori a gidan da ya tashi, kowane iska da taken da ake kaɗa masa. Ganga da kalangu bai damu da su ba. Garaya da goge ne ba ya so.

DanShendam: To amma ai duk kayan kiɗa sun taɓa yi wa wani abin bauta hidima. In an tsarkake mutum, ba za a tsarkake kayan kiɗansa ba?

DalibinTauhidi: Musicam Sacram lamba ta 63 ta taɓa wannan. Ta ce a yi la'akari da al'adar kowace al'umma wajen karɓar kayan kiɗa, amma abin da jama'a suka ɗauka na shagalin duniya ne kawai a nisanta shi da sujada. Ma'aunin ke nan yana kunnen mutanen wurin. Abin da garaya ke faɗa wa Baban Ɗan Malumfashi ba shi take faɗa wa ɗan Shendam ba, watakila ba shi za ta faɗa wa jikokinsa ba. Kuma ba kwaya ce ke yanke wannan ba, lamba ta 120 ta Sacrosanctum Concilium ta bar shi ga hukumar Ikilisiya ta yankin. A Kwango ma da ake rawa a shiga da Littafi, ba wani ne ya tashi da safe ya fara ba. Bishop-bishop ɗinsu sun yi shekaru suna aiki a kai kafin Roma ta amince da tsarin Mas na Zayar, sunan ƙasar a lokacin, a 1988, har Fafaroma Faransis ya yi shi a cocin Waliyi Bitrus ran 1 ga Disamba 2019.

DanMalumfashi: Ni dai na bar maganar. Ba zan kori tsoho daga coci saboda tsirkiya biyu ba.

Kande_Bajju: Tun ɗazu ana ta Hausa da Latin, ba wanda ya tuna da mu. Hausa ta haɗa mu, ban musa ba, in ba ita ba Bajju da Atyap da Ham da Ngas da Berom ba za su yi Mas ɗaya ba. Amma 'ya'yana ba su san waƙar Allah ko ɗaya da harshen kakarsu ba. In an ba mu dama sai ranar bikin al'adu, sau ɗaya a shekara, kamar kayan ado. Rifkatu, in akwai wuri a jerinki ki sa ɗaya ta wani harshe kowane Lahadi, a riƙa zagayawa.

Chinedu_SabonGari: Na goyi baya, amma a yi hankali. A namu cocin an gwada, sai ya koma gasa. In an yi ta Ibo ba a yi ta Tibi ba, a ga fuska ta canza. In an yi duka, Mas ya kai awa uku. Abin da ya yi mana aiki: mai ba da waƙa ya yi baiti da harshensa, amshin kuma gajere da kowa zai iya, a faɗi ma'anarsa kafin a fara.

TsohonMaiHidima: Kun ga abin da nake faɗa? Latin ba na kabilar kowa ba ne.

Kande_Bajju: Baba, ba na kowa ba ne, shi ya sa ba mai yin kuka in ya ji shi.

TsohonMaiHidima: Ni ina yi, 'yata. Ki zo sujadar Sakramenti ki ji ana Tantum Ergo, wadda Waliyi Toma Akwinas ya rubuta tun ƙarni na 13, ki dube ni.

Talatu_K: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. A ƙauyenmu Fada ba ya samun zuwa kowane Lahadi, katikis ne ke jagora. Kwayarmu tana rera komai har Mai Tsarki kamar ana Mas. Daidai ne?

BabaKatikis: A'a, 'yata. Mai Tsarki ɓangare ne na addu'ar Yukaris, wadda firist kaɗai ke yi. In babu firist babu ita, babu kuma kai gurasa da ruwan inabi bagade. Ku yi waƙar shiga, Zabura, waƙar marabtar Bishara, waƙar yabo da godiya, ku karɓi baikonku. Kada a yi abin da zai sa mutane su ɗauka Mas aka yi. Ku kuma tuna daga Larabar Toka babu Halleluya har daren Ista, ko a cikin korus ne. Nan ne ake yawan zamewa: an kiyaye ta kafin Bishara, sai ga ta ta faɗo a amshin waƙar baiko.

Rifkatu_Alto: Baba, ka ceci raina, biyu daga cikin waɗanda matasa suka kawo mini da ita suke ƙarewa. Ga inda na tsaya yanzu. Zabura ta 51 da amshi ɗaya. Tulu ɗaya da caki a hankali, kibod ba ganga. Babu Ɗaukaka sai a ranakun idi, kamar ran 19 da 25 ga Maris. Ɗan Rago na Allah da Latin, mu gwada mu gani. Zan roƙi Fada ya riƙa rera gaisuwa da gabatarwa. Abin da ban warware ba shi ne bayan Tarayya. Mun saba kwaya ta yi waƙa ta musamman a nan, ita ce ma suka fi sa rai a kanta.

FadaNaKauye: A nan ƙa'ida ta ba da zaɓi: a yi shiru na ɗan lokaci, ko dukan jama'a su rera Zabura ko waƙar yabo. Ni a Azumi shirun nake so. Mutum ya karɓi Ubangijinsa, a bar shi ya yi masa magana.

MaiKibod: Fada, in aka cire Halleluya, aka cire Ɗaukaka, aka cire korus, aka cire ganga, yanzu kuma a cire ta musamman, wallahi rabin matasan nan za su koma cocin da ke tsallaken titi. Can ana ba su makirfo. Ba barazana ba ce, mun ga waɗanda suka tafi.

Sista_Malama: Damuwarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Waliyi Agustin kansa ya rubuta cewa yana kai-kawo tsakanin amfanin waƙa da haɗarin daɗinta, har yana ganin laifi ne in muryar ta fi motsa shi a kan abin da ake faɗa. Amma bai ce a daina ba, domin ya tuna hawayen da ya zubar da ya ji waƙar Ikilisiya a farkon tubansa. A ba matasa aiki mai nauyi: su tsara sabon kari na Zabura, su shirya waƙoƙin Hanyar Gicciye na Juma'a, su ɗauki daren Ista gaba ɗaya, su yi babban taron waƙa ran 22 ga Nuwamba, idin Waliyiya Sisiliya mai riƙon mawaƙa.

MaiKibod: Nuwamba ta yi nisa, Sista. Yaron da ke da murya yau yake so a ji shi.

MamanZumunta: To ya zo ya ba da baitin Zabura mana, duk coci na sauraronsa shi kaɗai. Ko wannan ba makirfo ba ne?

Yakubu_Bass: Mama, shi wanda ake tafa masa yake so.

DanShendam: Ni har yanzu ban gamsu da cewa Fada ne mai maganar ƙarshe ba. A takarda haka ne. Amma an canja mana firist, wanda ya tafi yana son ganga, wanda ya zo ba ya so, waƙoƙin da muka yi shekaru muna tarawa aka ajiye su a kwali. Jama'a suna nan, firist ne ke zuwa ya tafi. Me ya sa kowane dayosis ba zai fitar da jerin waƙoƙin Hausa da aka tantace, lokaci-lokaci, kowa ya bi, sabon Fada da tsohon kwaya duka?

Kande_Bajju: In za a yi, a sa na harsunanmu a ciki tun farko, ba a shafin baya ba.

Talatu_K: Kuma a tura wa ƙauyuka da murya a waya, ba takarda kaɗai ba. Anti Rifkatu, in kun gama sa wa Zabura ta 51 kari, don Allah ki ɗauka ki sa mana a nan kafin Laraba, mu ma mu koya.

Rifkatu_Alto: Zan sa in Allah ya yarda, bayan koyon waƙa na Asabar. MaiKibod, kai da ka san murya, a wane mataki zan ɗauko amshin don tsofaffi su iya kaiwa?